Jiri na ɗibar ka? Wataƙila daga cikin kunne ne

Ka juya a kan katifa za ka ɗauki waya, kawai sai ɗakin ya fara juyawa. Wani zai ce ƙarancin jini ne, wata ta ce yunwa ce. Alhali can cikin kunne akwai sashen da ke hana mu faɗuwa, kuma gwaje-gwajensa ba ɗaya ba ne.

Mafi sauƙi shi ne Romberg: ka tsaya, ƙafafu a haɗe, ido a rufe. Tangaɗi alama ce, amma ba ya nuna inda matsalar take.

Dix-Hallpike, da aka fito da shi a 1952, ya fi kama ɓarawo. Likita zai karkata kanka, ya kwantar da kai da sauri yana kallon idanunka. Idan suka hau rawa, galibi ƙananan tsakuwoyin kunne ne suka bar mazauninsu, kuma da dabarar juya kai ake mayar da su.

Shi kuwa gwajin ruwa, ana zuba mai ɗumi da mai sanyi a kowane kunne don gano wanda ya raunana.

Amma fa idan jirin ya zo da karkacewar baki ko sarƙewar magana, ajiye TikTok, nufi asibiti nan take.