Yadda Kamfanin 'Yan Kasuwar Ingila Ya Jawo Raba Ƙasar Bargu Biyu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kaya daga unguwar Titirou ko kasuwar Arzeke a Paraku, ya bi ta Nikki zuwa Chikanda, ya san wahalar iyaka: ga kwastan, ga canjin sefa zuwa naira, ga Faransanci ya koma Ingilishi. To amma wa ya shata wannan layi?

Turawan Ingila dai da ciniki suka fara mulkin mallaka. Sarauniya ko Sarkin Ingila kan ba ƙungiyar attajirai takardar izini, su tafi ƙetare su kafa sansani. Haka aka kafa kamfanin East India a 1600, haka kuma kamfanin Virginia ya kafa garin Jamestown a Amurka a 1607. A 1672 aka ba kamfanin Royal African izinin cinikin zinariya da bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Ko'ina sai a fara da rumbun kaya, daga baya tuta da soja su biyo.

Wannan dabara ce ta iso kogin Kwara. A 1886 kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami irin wannan izini. A lokacin, fatakenmu sun daɗe suna ratsa Bargu da ayarin jakuna, daga Kano zuwa Gwanja, suna sauka a zangon Nikki da Paraku da Jugu. Su kai kanwa da tufafi, su komo da goro, madugu yana biyan sarakunan hanya fito.

Kamfanin ya ce ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Busa, don haka Bargu duk tasa ce. Faransawa da suka ci Dahome suka ce a'a, Sarkin Nikki ne babba. Nan fa aka shiga tsere. Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamnan Arewa, ya isa Nikki a watan Nuwamba 1894 ya sami takarda. 'Yan kwanaki kaɗan sai ga Kyaftin Decoeur na Faransa, shi ma ya sami tasa, Faransawa kuma suka ce ta Lugga ba ta da ƙarfi domin bai ga sarki ido da ido ba.

Rigima ta yi tsami har sojojin Faransa suka shiga Busa a 1897. Daga ƙarshe a birnin Faris aka sasanta, ranar 14 ga Yuni 1898: Nikki da Paraku suka faɗa hannun Faransa, Busa da Kayama da Illo suka zama na Ingila. Ba a tambayi Bargawa ba, balle fatake. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfanin.

Tun daga nan hanyar da kakanni suka bi ta zama mai ƙofa, mai mabuɗi kuma yana nesa. 'Yan kasuwa ba su manta da rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, lokacin da kaya suka lalace a motoci, jarin mutane da yawa ya karye. Saboda haka ɗan kasuwa ya riƙe takardunsa daidai, kada kuma ya zuba jarinsa duka a hanya ɗaya. Allah Ya sa albarka a nema.