Yadda Ake Gina Filin Pikilbol A Hamadar Arizona

A birnin Finiks, hedkwatar Jihar Arizona ta ƙasar Amurka, idan zafi ya kankama ba kasafai ake zuba kankare da rana ba. Da tsakar dare ko goshin asuba ne motocin kwaɓa siminti kan iso, magina su kunna fitilu su duƙufa, don su gama shafe kafin hantsi. Cikin ayyukan da ke hana su barci a 'yan shekarun nan har da gina filayen wani wasa da ake kira pikilbol, wanda ya shiga ran Amurkawa ƙwarai, musamman dattawa masu cin fansho.

Shi dai wannan wasa ɗan'uwan tanis ne da ƙwallon tebur. Mutum biyu ko huɗu ke yinsa, kowa riƙe da faifai mai mariƙi, suna buga wata ƙwallon roba mai huji-huji ta tsallake raga. An ƙago shi a 1965 a tsibirin Bainbridge, kusa da birnin Siyatil, inda wasu abokai uku, watau Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka shirya shi don ɗebe wa 'ya'yansu kewa. Ƙungiyar masu sana'ar kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta masu yinsa da miliyan 13.6 a 2023, a 2024 kuwa miliyan 19.8.

Wani abin lura shi ne mahaifar wasan ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama, amma a hamada ya samu gindin zama. Dalili kuwa, tun da aka buɗe garin Sun City a 1960 don masu ritaya, dattawa suke ta kwarara Arizona suna gudun sanyin arewa. A garin Buckeye na wannan jiha aka yi gasar ƙasa ta farko a 2009, daga baya a 2018 aka kai ta Indian Wells, can cikin hamadar Kalifoniya. To, inda 'yan wasa suka taru dole a gina fili, inda kuwa za a gina shi rana ce ke da iko.

Irin zafin da ake magana

A 2023 birnin Finiks ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye a ma'aunin santigiret. A ranar 19 ga Yuli na wannan shekara, ko da sanyin asuba ma'auni bai sauka ƙasa da digiri 36 ba. Hukumar lafiya ta gundumar Marikofa, wadda birnin ke cikinta, ta ƙirga mutum 645 da suka rasu a shekarar ta dalilin zafi. Kwalta kuwa takan ɗauki zafi har ta haura digiri 70, kuma asibitin ƙuna na birnin yakan karɓi mutanen da suka faɗi bisa titi fatarsu ta saɓule. Saboda haka mai gina filin da tsofaffi za su yi guje-guje a kai ba zai ɗauki al'amarin da wasa ba.

Filin kansa ƙarami ne. Tsawonsa ƙafa 44, faɗinsa ƙafa 20, tsayin raga inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Amma da yake 'yan wasa sukan fita waje da layi, akan shimfiɗa daɓe na aƙalla ƙafa 60 da ƙafa 30. Gurbin filin tanis guda yana ɗaukar huɗu. Ƙanƙantar nan ita ke ruɗin mai gida ya zaci aikin kwana biyu ne.

Abin da ke ƙarƙashi

Aiki na farko shi ne gwajin ƙasa. A hamadar Sonora akwai wani kauri na ƙasa mai farar ƙasa a ciki, da ake kira kalichi, mai tauri kamar marmara, wanda sai da injin fasa dutse ake ratsa shi, ruwa kuma ba ya shigewa. A wasu unguwanni kuwa laka ce mai kumbura idan ta jiƙe, ta tsuke idan ta bushe. Duk wanda ya ɗora daɓe a kanta ba tare da shiri ba zai ga ya tsage kafin a je ko'ina. Don haka akan ƙwaƙule ta, a zuba tsakuwa, a daddanne da inji har ta zauna.

Sai kuma gangare. Mai karatu zai ce me ya kawo zancen ruwa a hamada? Gaskiya ne ruwan da Finiks ke samu a shekara bai wuce inci 7 zuwa 8 ba, amma daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba yakan sauko kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci. Sau da yawa guguwar ƙura ke yi masa jagora, wadda mutanen can suke kira habub, sunan da suka aro daga Larabcin Sudan. Shi ya sa ake karkata filin ya gangara gefe guda, kimanin inci 1 a kowace ƙafa 10. Ɗan wasa ba ya jin wannan karkata, amma ruwa yana bin ta. Inda aka bar kwari, nan ruwa da ƙura za su kwanta su cinye fenti.

Kwalta ko kankare

Kwalta ta fi sauƙin kuɗi, sai dai arha ba ta ado. Hasken rana yana shanye maiƙon da ke riƙe da ita, ta bushe ta yi ƙarfi, sa'an nan ta fara tsagewa. Kankare na yau da kullum shi ma yana da nasa ciwo, domin yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, a hamada kuwa tazarar da ke tsakanin biyun tana da yawa.

Dabarar da masana suka fi amincewa da ita ita ce kankare mai ɗaurin igiyar ƙarfe. Kafin a zuba, sai a jera igiyoyin ƙarfe cikin rigar roba, a tsaye da a kwance, kamar saƙar tabarma. A zuba kankare mai kaurin inci 4 zuwa 5 a kai. Bayan 'yan kwanaki, idan ya fara ƙarfi, sai a kawo jak a ja kowace igiya da ƙarfin kusan tan 15, a kulle ta a bakin daɓe. Wannan ɗauri yana matse filin ya zama gunduma guda, ko ƙasa ta motsa sai ya motsa gaba ɗaya, ko tsaga ta bayyana ba ta samun damar buɗewa.

Lokacin zubawa ne aka fi yin asara. Idan ruwan da ke saman kankare ya ƙafe da wuri, fuskarsa takan yayyage tun bai bushe ba. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada zafin kwaɓin ya wuce wajen digiri 35, shi ya sa kamfanonin siminti sukan sa ƙanƙara a madadin wani kaso na ruwa. Da an gama shafe sai a lulluɓe, a riƙa jiƙawa, a kuma yi haƙuri kwana 28 kafin a taɓa shi da fenti. Wanda ya yi gaggawa, danshin da ke ciki zai taso ya ɗaga fentin ya yi bororo.

Fentin ma ba irin na bango ba ne. Na roba ne, ana gauraya shi da lallausan yashi don kada takalmi ya zame, a shafa shi hawa-hawa. Idan daɓe ya yi zafi fiye da kima sai ya bushe a bakin mashafi ya bar zane, don haka shi ma aikin sassafe ne, ko kuwa a jira kaka. Launi mai haske ya fi mai duhu sanyi. Ko an yi da kyau, bayan shekara huɗu zuwa takwas sai an sake.

Rana, iska da maƙwabta

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Akwai abin da idan aka kuskure shi ranar awo babu gyara, shi ne fuskar fili. Tsawonsa dole ya bi kudu da arewa. Idan ya bi gabas da yamma, rana za ta tsone wa ɗaya ɓangaren ido da safe, ɗayan kuma da la'asar, alhali waɗannan ne kaɗai lokutan da ake iya wasa a watannin zafi.

Bayan wannan sai rumfa da famfon ruwan sha a gefe, da fitilu don masu wasan dare, waɗanda ake sunkuyar da su ƙasa saboda garuruwa kamar Tusan suna da dokar hana haske tashi sama. Shingen waya kuma akan rataya masa yadi don kare iska, domin ƙwallon ba ta da nauyi. Amma yadin nan idan habub ta taso yakan zama kamar filafilan jirgin ruwa, in turakun ba su da zurfin gindi sai shinge ya kwanta.

Akwai kuma ƙara. Sautin faifai idan ya haɗu da ƙwallo yana da kaifi, kuma yana tafiya nesa. A wurare da dama na Amurka maƙwabta sun kai ƙara kotu a kan haka, har an rufe filayen da aka kashe wa kuɗi masu yawa. Yanzu masu hankali sukan nisanta fili daga gidaje, ko su kewaye shi da bango.

Wannan ilmi bai tsaya ga pikilbol kaɗai ba. A Sakkwato da Maiduguri zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, laka mai kumbura kuwa tana nan a yankin Tafkin Chadi. Duk hukumar makaranta ko ta wasanni da za ta ba da kwangilar filin ƙwallon kwando ko na tanis, ya kamata ta tambayi ɗan kwangila abu huɗu kafin ta sa hannu: ko ya gwada ƙasar, da ƙarfe nawa zai zuba kankare, kwana nawa zai jiƙa shi, ina kuma filin zai fuskanta. Amsar da ya bayar ita za ta nuna ko filin zai kai shekara ashirin, ko kuwa damina biyu za ta gama da shi.