Yaron da Aike Ke Ɓace Masa a Hanya

Duk wanda ya zauna a unguwar Ƙofar Kaura, inda tsohuwar ƙofar ganuwar Katsina ta zama mahaɗar motoci da babura, ya san cewa rayuwar yaro a kan kunne da harshe take tafiya: da safe a aike shi shago, da hantsi ya saurari malamin boko, da la'asar ya biya hadda a Islamiyya. To, a cikin yaran nan akwai wanda ake zalunta ba da niyya ba, wato yaron da kunnensa lafiya lau, hankalinsa cikakke, ba shi da in'ina, amma tun yana ƙarami fahimtar magana da harhaɗa ta suke yi masa wuya.

Masana sun daɗe suna saɓani a kan sunan wannan larura, har shekarar 2017, sa'ad da wata jama'ar ƙwararru a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dorothy Bishop ta Jami'ar Oxford ta yi ittifaƙi a kan kiranta tawayar harshe da yaro ke tasowa da ita. Binciken da aka buga a Amurka a 1997, da na yankin Surrey a Ingila a 2016, duka sun same ta ga kimanin yara bakwai cikin ɗari, misalin biyu ke nan a ajin mutum talatin. Sai mai karatu ya ƙiyasta da ajujuwanmu, inda talatin ɗin kan ninka. Larurar tana bin dangi, kuma ba sakacin iyaye ke kawo ta ba.

Idan uwa ta ce wa irin wannan yaro, "Je ka sayo magi da gishiri, ka biya gidan Inna ka karɓo rariya, kada ka manta da canji," kafin ƙarshen zancen ya iso farkonsa ya kuɓuce, sai ya komo da gishiri kaɗai, a ce ba ya jin magana. Idan ya so faɗin wani abu, kalmar ta ƙi zuwa, sai ya yi ta cewa "abin nan, abin nan" har masu sauraro su gaji. A gaban malam kuwa al'amarin ya fi tsanani, domin riƙe lafazin da ba a saba ji ba yana daga cikin wuraren da aka tabbatar da raunin irin waɗannan yara, alhali hadda a kansa aka gina ta. Ayar da tsaransa suka riƙe a biyawa uku, shi sai ya kwana yana tilawarta, gari ya waye ta gudu, a kira shi daƙiƙi.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ranar da faɗa ya haɗa shi da wani yaro, manya suka tsayar da su domin bin ba'asi, abokin faɗan ya tsara hujjarsa daki-daki, shi kuwa, ko da shi ne mai gaskiya, ya kasa jera wane ne ya fara, me ya biyo baya, sai hukunci ya faɗa a kansa. Yaron da aka maimaita wa haka, ko dai ya kame bakinsa, ko ya mayar da hannu madadin harshe.

Idan ana zaton yaro yana da wannan larura, wajibi ne a fara da gwajin ji a sashen kunne na asibiti, domin a kawar da shakkar kurumta. Bayan haka, uwa da malami su gajarta umarni, su ba da shi ɗaya bayan ɗaya, su nuna da hannu, su yi haƙurin jiran amsa, a gutsura masa aya gaɓa-gaɓa. Bulala kam ba ta ƙara masa ko harafi. Kada a hana shi Hausa da zaton harsuna sun yi masa yawa, domin jin harshe biyu ko uku ba shi ne sababi ba. Larurar takan bi mutum har girma, saboda haka ran da aka kai shi koyon ɗinki ko kanikanci, a gaya wa maigidansa tun farko cewa wannan almajiri da gani yake ɗaukar aiki fiye da ji.