Niyya da Kafiya: Misali Daga Abijan

Bahaushe yakan ce mutum ya "ɗaura niyya", kamar igiya. To, ɗauri iri biyu ne: akwai zarge, wanda ake iya sassautawa, akwai kuma wanda sai an sa wuƙa. Na biyun shi muke kira kafiya.

Mu ɗauki ɗan ci-rani daga Maraɗi da ya sauka tashar motar Ajame da niyyar fataucin goro. Mai masaukinsa ya ce masa: "Yaro, goro sai mai jari, kuma cibiyarsa Anyama ce. Tafi kasuwar Tireshbil, ka koyi Julanci da ɗan Faransanci, ka fara da talla." In ya saurara, a ganina bai warware niyyarsa ba, domin asalinta neman na kansa ne. Goron ne kawai ya jinkirta sai jari ya taru.