Abin da ke ƙona moton masana'anta, da yadda waya za ta taimaka a gano shi da wuri

A cikin wayoyi da yawa, wani ɗan moto da bai kai ƙwayar wake ba ne yake sa su kaɗawa idan kira ya shigo. Manyan 'yan'uwansa su ne ke juya injin niƙa a unguwa, da injin casar shinkafa, da famfon rijiyar burtsatse, da injinan masana'antun Sharada da Bompai da Challawa a Kano. Tsohuwar fasaha ce. Nikola Tesla ya yi rajistar irinsa a Amurka a 1888, a 1889 kuma Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus ya ƙera mai layin wuta uku, wanda masu sana'a a nan ke kira tiri-fes. Yana da juriya ƙwarai, shi ya sa ake mantawa da shi sai ranar da warin ƙonannen koyil ya cika wuri.

Lokacin da ya fi wahalar da moto shi ne daƙiƙun farko bayan an danna maɓalli. Kafin ya kama gudu, yakan ja wuta ninki biyar zuwa takwas na abin da yake ci a aiki. Wanda aka rubuta wa ampiya 30 zai iya jan 180 a wannan ɗan lokaci. Dalilin ke nan da ƙwan lantarki ke dushewa, janareta kuma ya yi nishi. Wannan wuta zafi take zama a cikin koyil, don haka mai kunnawa ya kashe, ya sake kunnawa sau biyar a jere saboda inji ya ƙi tashi, gasa moton yake yi.

An daɗe da samo dabarar rage wannan fizga. A tsarin da ake kira sita-delta, ana tayar da moton kowane koyil na samun volt 230 maimakon 400, sai ya ɗauki gudu a mayar da shi cikakkiyar wuta. Abin da yake ja yana sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin juyawarsa ma haka yake sauka. Idan an cika injin da hatsi kafin a kunna, ba zai iya ɗagawa ba. A tayar da shi babu kaya, sannan a zuba. Sababbin masana'antu sun koma na'urar VFD, wadda ke ƙara gudu sannu a hankali.

Babbar matsala a Najeriya ita ce ɗaukewar layi ɗaya cikin ukun, ko daga taransifoma ko don fis ya tsinke. Moton da ke tsaye ba zai tashi ba, gurnani kawai zai yi. Wanda ke cikin aiki kuwa ya fi zama abin tsoro, domin zai ci gaba da juyawa kamar lafiya lau, alhali layukan biyu da suka rage suna ɗaukar nauyin uku. Cikin mintuna koyil ya ƙone. Akwai na'urar da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, kuma ana saita ta ne daidai da ampiyar da ke rubuce a farantin jikin moton. Sai dai idan ta dame su da yankewa, wasu sukan murɗa ta zuwa sama, ko su tokare kwantakta da tsinke. Ta daina ƙorafi, i, amma abin da take ƙorafi a kai yana nan. Kuɗin na'urar da ke lura da layukan uku bai kama ƙafar kuɗin naɗin sabon koyil ba, balle kwanakin da inji zai yi a kwance.

Kwantakta tana da wani amfanin da ya shafi rai. Idan aka ɗauke wuta takan saki, inji ba zai tashi da kansa ba sai an sake dannawa. Inda aka haɗa moto kai tsaye da makunnin hannu, wuta na dawowa zai zabura, ko da hannun wani na cikinsa yana share dusa. Saboda haka kafin a taɓa komai, a kashe babban makunni, a sa masa kwaɗo, mai gyaran ya riƙe makullin a aljihunsa, sannan a gwada da mita. VFD kan riƙe caji na mintuna bayan an kashe ta. Babbar riga da mayafi ba su da wuri kusa da bel. Bayan duk wani gyaran waya kuma a duba inda moton ke juyawa, domin musanya layi biyu kaɗai yana sa shi komawa da baya.

Sauran kulawar yaƙi ne da zafi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka tsara yana raba tsawon ran rufin koyil gida biyu. Ƙurar hunturu da garin niƙa suna toshe murfin fanka da tsagogin jikin moto, a riƙa share su. Boris na son giris, amma cika shi fal ma zafi yake kawowa. Moton da ya kwana biyu a ajiye da damina, a auna rufin koyil ɗinsa da mega kafin a ba shi wuta.

A nan waya ke shigowa. Abu mafi sauƙi shi ne ɗaukar hoton farantin moton tun bai goge ba, don ranar sayen wani ko saita na'urar kariya. A naɗi ƙararsa yana lafiya, a ajiye. Bayan wata uku kunne zai iya kwatantawa. Akwai kyamarar zafi irin FLIR One da ake maƙalawa a waya, tana nuna boris ko mahaɗin wayar da ya fi 'yan'uwansa zafi ba tare da an taɓa ba. Manhajojin auna girgiza suna nuna cewa wani abu ya sauya, amma ba sa faɗin ko boris ne ko kusoshi ne suka kwance. Wannan sai ma'aikacin lantarki ya zo da mitarsa ya auna layukan uku ɗaya bayan ɗaya.