Ɗan mahaucin da tallafin gwamnati ya fito da shi

A Kabong, inda hayaniyar Gada Biyu ba ta lafawa sai dare ya raba, kunne ya saba da muryoyin mawaƙan coci da amon kundung na Berom a ranar biki. Kiɗan taron makaɗan Turai kuwa baƙo ne. Sai dai wanda ya saurari faifan da Karel Ancerl ya naɗa a Prag a 1961, yana jagorantar makaɗan Czech Philharmonic, zai tarar baƙon bai zo daga nesa ba.

Kiɗan na Antonin Dvorak ne, ɗan wani mahauci daga ƙauyen Nelahozeves, wanda aka haifa a 1841. Shi ne simfoni na tara da ya tsara a Amurka, aka fara kaɗa shi a New York a Disambar 1893. A kashi na biyu wata irin algaita ta Turawa ke shigowa ita kaɗai, a hankali, kamar mai kewar gida. Ancerl ba ya jan wurin don neman hawaye, ko da yake shi ne ya fita daga sansanin Auschwitz ba matarsa ba ɗansa. Unguwar da bam ya tashi a cikinta a jajibirin Kirsimetin 2010 ba ta buƙatar a fassara mata wannan kamewa.

Abin da ya kamata ya tsaya wa ma'aikacin Abuja a rai ya faru ne tun kafin nan. Dvorak yana fama da talauci lokacin da ya nemi tallafin da gwamnatin Ostiriya ke ba matasan masu fasaha, kuma ya samu fiye da sau ɗaya. Cikin masu tantance takardun akwai Johannes Brahms, wanda bai tsaya ga sa hannu ba: ya haɗa shi da mawallafinsa, Simrock na Berlin. Daga nan aka samu Raye-rayen Slav, takwas a 1878, wasu takwas a 1886. Bai kwashi waƙoƙin ƙauye ba. Takun rawar ya ɗauka, ya ɗora nasa karin.

Irin wannan taku yana nan a Filato, a kundung da kuma sarewar Asharuwa ta Afizere. Fela Sowande ya riga ya gwada hanyar da karin Yammacin Afirka a cikin African Suite, tun zamanin mulkin mallaka.