Zawo Ya Tsaya, Saura Jiyyar Hanji

Wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin iyaye maza da mata, da kakanni, da dukan wanda Allah ya ɗora wa renon ƙananan yara. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa mutanen gidansa.

A ɗauka ga wani yaro ɗan wata goma sha takwas, mai ƙiba da kuzari. Ran nan sai zawo ya kama shi, ya kwana huɗu yana yi. Uwa ta ga kome ya ci sai ya fita, don haka ta rage masa mama, ta hana shi kunu, wai don ciki ya huta. Zawo ya tsaya, aka yi hamdala. Amma yaro bai koma yadda yake ba. Wuya ya yi siriri, gashi ya yi ja, ba ya son wasa. Kafin wata ya zagayo zawo ya komo, ya tarar da shi ba ƙarfi. Ta wannan hanya ce tamowa take shiga gidaje da yawa, har gidajen da rumbunsu yake cike da hatsi.

Abin da ya faru a cikin hanji

Abincin da mutum ya haɗiye ba ya zama jini da tsoka sai ya bi ta ƙaramin hanji. Bangon hanjin nan daga ciki cike yake da waɗansu 'yan tsirai ƙanana ƙwarai, kamar gashin bargo, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Zawo yakan goge tsiran nan, su gajarce. Ko da kashin yaro ya daidaita, sukan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin su sake tsirowa, kuma da abinci suke tsirowa. Hana yaro ci, watau hana hanji abin da zai gyara kansa ke nan. Ko a tsakiyar zawo, jiki yana riƙe rabo mai yawa na abin da aka ci.

Bayan wannan kuma, a cikin babban hanji akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani. Galibinsu ba na cuta ba ne, abokan zama ne. Suna taimakon narkewar abinci, suna kuma tare wa miyagun ƙwayoyi wurin zama. Nonon uwa yana ɗauke da wani irin sukari wanda jariri ba ya narkar da shi, abincin waɗannan ƙwayoyi na kirki ne. Kafso da ake saye a kasuwa ba da umurnin likita ba yakan kashe na kirkin tare da miyagun. Ga shi kuma yawancin zawon ƙananan yara kafso ba ya yi masa kome, sai ya yi kwanakinsa ya wuce.

Ruwa tukuna

Abin da ke kashe mai zawo da sauri shi ne ƙarewar ruwan jiki. In maɗigar jariri ta faɗa, ko idanu suka zurma, ko fitsari ya ɗauke, to ruwa ne ya ƙare. Shafa magani a ka ba ya ta da maɗiga. Kada kuma a ce ai haƙori ne a zauna, gama zawon lokacin haƙori yana kisa kamar kowane zawo.

Maganin wannan shi ne ruwan gishiri da sukari. A shekarar 1971, lokacin da kwalara ta auka wa 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya da ƙasar da ake kira Bangaladash yanzu, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan da ake ƙarawa ta jijiya, sai ya sa aka riƙa shayar da marasa lafiya wannan haɗi ta baki. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Yanzu ana samun garinsa a ƙunshe a asibiti da kantin magani. A dama shi a cikin ruwa mai tsabta daidai awon da aka rubuta a jikin takardar. In ba a samu ba, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali, a shafe ba tozo, a cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10, sa'an nan a ci gaba. Abin da ya yi kwana ɗaya a zubar, a dama sabo.

Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ƙwayar zink, ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. Zink yana taimakon bangon hanji ya warke, yana kuma rage komowar zawo cikin wata biyu ko uku masu zuwa. Lalle a cika kwanakin ko da zawo ya tsaya tun ran na uku.

Yadda za a ciyar da mai murmurewa

1. A ci gaba da ba da mama dare da rana. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba ya bukatar bauri ko jiƙo.
2. Wanda ya fara cin abinci a ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. A lallashe shi, kada a yi masa ɗure.
3. Koko tsararo cika ciki yake yi kawai. A kaurara kunu, a sa gyaɗa ko garin waken soya, da ɗan man ja ko man gyaɗa.
4. A ba shi alale, da dafaffen ƙwai, da kifi ba ƙaya, da ayaba, da gwanda, da miyar zogale. Kindirmo yana da kyau, muddin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.
5. Bayan zawo ya tsaya, a ƙara masa ci ɗaya kullum bisa wanda ya saba, har mako biyu.
6. A kai shi awo. Ma'auni ne zai nuna ko ya mai da abin da ya rasa.

Lokacin da ba a jira

In an ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko zawo ya kai mako biyu, a garzaya asibiti. A riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya in yana iya haɗiyewa.

Kada a koma gidan jiya

Ƙwayoyin zawo daga kashi suke fitowa, su bi ta hannu da ƙuda da ruwa su shiga baki. A wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci. A zuba kashin yara a masai, a rufe randa, a rufe kwano. Tun shekarar 2022 Nijeriya ta sa rigakafin zawon rota cikin rigakafin yara na kyauta. Ɗigo ne a baki, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Maigida, kuɗin gyaɗa da ƙwai na mako biyu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Uwargida, kada ki ce yaro ya warke sai ya koma cinsa da wasansa da nauyinsa. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.